Rassa uku, waya ɗaya: in biya koci ko in ƙara matsa wa manajoji?

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Gidan biredina yanzu rassa uku ne, biyu a nan cikin Katsina, ɗaya a Daura, ma'aikata sun haura arba'in in aka haɗa da masu kai kaya shaguna. Amma har yau buhun fulawa ba ya fita daga sito sai an kira ni. Janareta ya tsaya a Daura, ni za a kira. Direba ya yi cacar baki da mai gashi, ni. Kowane reshe akwai manaja, amma in ka duba aikinsu bugo waya ne. Ƙanena da ke Abuja ya haɗa ni da wani koci, irin masu zama da shugabannin kamfani suna horar da su, ya ce za mu riƙa ganawa ta bidiyo sau biyu a wata har wata shida. Kuɗin da ya yanka zai saya mini sabon injin kwaɓa fulawa har da canji. Akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu? Abin yana da amfani, ko Turanci kawai zan saya?

Alhaji Mai Hatsi: Wa alaikumus salam. Sayi injinka, yaro. Alhassan Dantata ya riƙe wakilai suna saya masa gyaɗa ƙasa-ƙasa, babu waya babu kwamfuta, har ya rasu a 1955, wane koci ya zauna da shi? Abin da mutanen da suka sani shi ne ubangida da yaronsa. Ka ɗauko yaro, ka gwada shi da ƙaramin abu, ka ƙara masa, in ya kai munzali ka yi masa aure, ka ba shi jari ka sallame shi. Yaron da ya san akwai ranar sallama ba zai taɓa maka kwabo ba, don dukiyarsa ta gobe yake tsarewa. Ku kuma yanzu so kuke mutum ya tsufa yana gadin dukiyarku a kan albashi, sannan ku yi mamaki in bai sa zuciyarsa ba.

Akanta: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar sallama gaskiya ce, ba ni da ja. Amma Baba ka fi ni sanin gidaje nawa a garin nan da suka yi tashe, motoci na shiga suna fita, ranar da mai gidan ya kwanta dama aka yi rabon gado shi ke nan, ko allon shagon ba a sake gani ba. Komai a kansa yake: wa ake bi, wa ke bin mu, wane dila ke ba da kaya bashi. Gidan Dantata muna ambatonsa ne don ya tsallake abin da akasari ba sa tsallakewa.

Alhaji Mai Hatsi: Wannan kuma mutuwa ce, ba ta da koci.

Mai Horarwa, Abuja: Salamu alaikum. Tun da sana'ata ake taɓawa bari in sa baki, kuma in faɗa tun farko ba ni ne wanda aka haɗa Mai Biredi da shi ba, kada a ce talla na zo. Koci ba zai koya maka gashin biredi ba, kai ka fi shi sani. Aikinsa tambaya. Akwai tsarin da Bature John Whitmore ya yaɗa tun 1992 wanda yawancinmu ke bi: me kake so ka cimma, ina kake tsaye yanzu a gaskiya, waɗanne hanyoyi gare ka, wanne za ka yi kafin mu sake haɗuwa. In kun sake haɗuwa ya tambaye ka ko ka yi. Kamar wasa, amma ka tuna yaushe rabon da wani ya tsare ka da tambaya a kan abin da ka ce za ka yi? Duk wanda ke kewaye da kai a hannunka yake ci. A Amurka Bill Campbell kocin ƙwallo ne a jami'a kafin ya shiga harkar kamfanoni, shi ne Steve Jobs na Apple da Eric Schmidt na Google suka riƙa zama da shi. Ba ilimin kwamfuta ya fi su ba, mutum ne da ba ya tsoron gaya musu abin da ba sa so.

Sai dai a yi hattara. Wannan sana'a ba kamar likitanci ba ce da sai da lasisin gwamnati, kowa na iya buga kati ya kira kansa koci. Akwai ƙungiyar ICF da aka kafa a 1995 mai ba da shaidar ƙwarewa, amma ni abin da zan fi dubawa shi ne: ya taɓa aiki da mai kasuwanci irin naka, wanda rabin ma'aikatansa 'yan uwa ne da 'yan unguwa? Ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu da ya yi wa aiki ka ji ta bakinsu. In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka.

Ɗan Jibiya: Ya ce ba talla ba ne, ga shi har ya jero mana Google. 😂

Tsohon Manaja: Mai Biredi, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni daga ɗaya ɓangaren nake. Na daɗe ina manaja a wani kamfanin ruwan leda da ba zan ambaci sunansa ba. Kowa a nan yana tambaya ko ka biya koci, ba wanda ya tambayi me ya sa manajojinka ke kiranka. Ba don ba su san abin yi ba ne. Wanda ya yi shekaru a bakin tanda ya san abin da ake yi in janareta ya tsaya. Kira kariya ce.

Ga yadda abin yake faruwa. Manaja ya yanke shawara da kansa, sau tara ta yi kyau, ba wanda ya ce masa sannu. Ta goma ta ɓaci, sai mai gida ya zo ya wanke shi tas a gaban yaran da yake shugabanta, wani lokaci a cire asarar daga albashinsa. Daga ranar ya gane cewa in ya kira ka, laifin naka ne, in bai kira ba, nasa ne. Wane mai hankali ne ba zai kira ba?

Na biyu ya fi wannan ciwo. Na taɓa dakatar da wani direba saboda kuɗin kwastomomi da yake riƙewa. Bayan sallar isha'i ya bi Alhaji mai kamfanin har zaure, ya durƙusa, ya ambaci mahaifinsa da suka yi makarantar allo tare. Da safe na tarar da shi a cikin mota yana ɗaga mini hannu. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ji ta bakina. Tun daga ranar duk ma'aikata suka san ofishin gaskiya zauren Alhaji ne, nawa ɗakin ajiye takardu ne. Ka tambayi kanka ko akwai wanda manajanka ya taɓa hukuntawa ka dawo da shi ta bayan gida.

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: To ai ba za ka ga mutum da iyali ya zo yana kuka ka kore shi ba. Mu ba Turawa ba ne.

Tsohon Manaja: Ban ce ka kore shi ba, ranka ya daɗe. Ka ce masa ka ji, ya tafi, za ka yi magana da manaja. In afuwa za a yi, a bar manajan ya furta ta da bakinsa. Tausayinka yana nan, girmansa ma yana nan.

Hajiya Mai Makaranta, Daura: Wallahi Malam ka taɓo inda ke ciwo. Ni makaranta gare ni, ba biredi ba, amma ciwon ɗaya ne. Abu uku nake yi, ban biya kowa ya koya mini ba, wajen wata tsohuwar shugabar makarantar gwamnati na ɗauko su. Na rubuta wa hedimasta a takarda iyakar kuɗin da zai kashe ba tare da ya tambaye ni ba, da abubuwan da nasa ne kacokan: jadawali, makarar malamai, izinin kwana ɗaya. Ɗaukar sabon malami da korarsa da ƙarin kuɗin makaranta, waɗannan namu ne tare. In ya kira ni a kan abin da ke cikin takardarsa, amsata ɗaya ce, me kai ka gani? Ya faɗa, in ce to yi. Wata biyu wayar ta yi sauƙi.

Sai zaman ranar Alhamis. A nan ne al'adarmu ke ba da wahala, don mun tashi a kan cewa ƙarami ba ya musu da babba, ba ya ma haɗa ido da shi. Tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a wurin aiki tana nufin in na fara magana taro ya ƙare, sauran duk “haka ne Hajiya” ne. Don haka ni ce ta ƙarshe. Mafi ƙanƙanta ke farawa, kuma ba na tambayar ko akwai matsala, don za a ce babu, alhamdu lillahi. Cewa nake kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ɓata masa aiki a makon. Malamai mata kuwa dabam nake zama da su wani lokaci, akwai abin da ba za su faɗa gaban maza ba ko za a kwana.

Mai Horarwa, Abuja: Hajiya, abin da ake biyanmu mu koyar ke nan, kin ba da shi kyauta. A masana'antar Toyota a Japan akwai igiyar da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga kuskure, shugabansa ya zo da gudu, in ba a gyara ba layin ƙera motoci ya tsaya. Ba a hukunta shi don ya ja. Mai gashin da ya ga yis ɗin nan ya lalace tun dare, yana da igiyar da zai ja, ko zai yi shiru a gasa buhu biyar a zubar?

Alhaji Mai Hatsi: Duk na ji. Amma ku gaya mini, takarda tana hana sata? Ni na ga wanda ya sa hannu a takarda shafi goma ya gudu da kuɗin tirela guda ta masara daga Dandume. Ku sakar wa yara sito da sunan amincewa, ku dawo nan kuna salati.

Akanta: Takarda ba ta hana sata Baba, lissafi ke tona ta da wuri. A biredi ma abin da sauƙi. Mai Biredi ya san buhu ɗaya biredi nawa yake fitarwa a kowane girma. Wanda ke riƙe da makullin sito kada ya zama shi ke rubuta abin da ya fita, wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke rubuta bashi. Kowane dare reshe ya turo lamba huɗu ta WhatsApp: buhun da aka kwaɓa, biredin da ya fito, wanda ya dawo ko ya ƙone, kuɗin da ya shiga asusu. Minti biyar ka gani. In lambobin sun daidaita, me ya kai ka sanin wa ya buɗe sito? Kuma asusun kamfani dabam da aljihun mai gida. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya yi wa kamfaninsa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba sai ya nemo sunan matarsa ko ƙanensa ya cike ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nawa ake biyan manajan da ake so ya tsare miliyoyi? Mafi ƙarancin albashi ya koma ₦70,000 tun Yulin 2024. Dokar ta ɗauke wa mai ma'aikata ƙasa da 25, da masu aikin kamasho ko na wucin gadi, amma mai mutum arba'in ta hau kansa a kan ma'aikatansa na dindindin. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Dokar ƙwadago kuma ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Mu nawa ne a zauren nan muka yi ko ɗaya?

Ɗan Jibiya: Akanta, daga ofis kake magana. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka san nawa kai kaya ya koma? Mu nan an rufe mana boda a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar a 2023. Ana neman na fulawa kana zancen fansho.

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: Kuma a yi mini adalci. Ba na zaluntar kowa. Matar ma'aikaci ta haihu, ni ne ragon suna. Asibiti ni ne. Azumi ina raba shinkafa da sukari, sallah ina ɗinka wa kowa. Akwai waɗanda na yi wa aure. In aka tara wannan ya fi fanshon da ake magana.

Yaron Shago: Ina neman afuwar manya, ni ma'aikaci ne a wani wuri, yawanci karatu kawai nake a nan. Alhaji Allah ya saka da alheri, irinku ba su da yawa. Amma ka san yadda abin yake a wajenmu? Duk abin da ka lissafa sai an zo an roƙa, ko an jira ranar da fuskarka take a sake. Wanda ya iya gaisuwa da rakiya ya fi samu. Wanda ya gaya maka gaskiya jiya, yau ɗansa ba lafiya, da wace fuska zai zo? Shi ya sa ba mai gaya muku komai. Da za a ce ga abin da kowa zai samu in an yi masa haihuwa, ga na asibiti, a rubuce, ko bai kai na yanzu ba, wallahi da mun fi sakewa mu yi magana.

Hajiya Mai Makaranta, Daura: Yaron nan ya fi mu duka faɗar magana. Allah ya yi maka albarka.

Almajirin Malamai: Bari in ƙara abin da ya sawwaƙa, don kada a ɗauka rubutu da ƙa'ida baƙin abu ne da aka kawo mana daga waje. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kafa shaidu. A Suratul Ƙasas, da 'yar dattijon Madyana ta ce a ɗauki Annabi Musa aiki, siffa biyu ta ambata, mai ƙarfi kuma amintacce. Mu mun riƙe amana mun saki iyawa, shi ya sa muke ɗora ɗan uwa a kan abin da bai sani ba. Hadisin Ibn Majah kuma kowa ya haddace, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe.

Maganar cire asara daga albashi, a kula. Ma'aikacin da ke aiki ƙarƙashinka amintacce ne a hukunci, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To in ba ka taɓa faɗa masa iyakar ba, da me za ka ce ya ƙetare? Sallamar da Alhaji ya ambata ma tana da 'yar uwa a fiƙihu, ƙiradi: kai da jari, shi da aiki, riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye ba. In an yi asara ba da sakacinsa ba, dukiyarka ce ta tafi, shi wahalarsa ta tafi. Wanda zai haɗa albashi da kason riba ya zauna da malami a tsara masa, akwai sharuɗɗa.

Alhaji Mai Hatsi: To ga malam ya dawo da ku inda na fara. Reshen Daura, in yaron kirki ne, ka ba shi kaso a riba ka ga ko zai sake kiranka don janareta.

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: Manajan Daura ba ni da haufi a kansa, shi ya buɗe mana hanyar Mai'aduwa har Kongolam. Matsalar mai riƙe da sito a can ɗan yayata ne. Ba ya jin maganar manaja, ni yake kira kai tsaye, ni ma in na ji shiru shi nake kira in ji abin da ake ciki.

Tsohon Manaja: Ashe ka san amsar tun farko, Alhaji. Manajan ya san kana da kunne a sitonsa. Ko wane koci ka ɗauko, in dai na gaskiya ne, zama na biyu zai iso kan yaron nan.

Ɗan Jibiya: A nan ne ake gane jarumi. Kora ɗan Yaya? Sai dai ka daina zuwa gida sallah.

Hajiya Mai Makaranta, Daura: Ba kora ba ce. Amma kada ka fara da yaron, fara da uwarsa. Ka je da kanka, ba a waya ba, ka ce Yaya so nake yaron nan ya koyi aiki yadda gobe zai riƙe nasa, don haka daga yau a ƙarƙashin manaja yake kamar kowa, in ya kawo miki ƙara ki turo shi wurina, ni kuma in mayar da shi wurin manaja. In ta ji daga bakinka kafin ta ji daga nasa, rabin faɗan ya mutu. In kuma ba zai iya ba, ka dawo da shi Katsina kusa da kai, ko ka ba shi ɗan jari ya riƙa sarin biredin yana kai wa shaguna.

Mai Horarwa, Abuja: Ni ma zan rage wa ɗan uwana ciniki. Kada ka sa hannu a wata shida. Ka ce ya yi wata ɗaya, sharaɗin ya zo da ƙafarsa ya zauna da manajojin uku da wasu ma'aikata ba ka wurin, ya kawo maka abin da suka faɗa ba tare da sunan kowa ba. In ba ya jin Hausa, ba zai samu komai daga masu gashi ba, ka nemi wani. In ka ji rahoton ka fara tambayar wa ya faɗi wannan, ka tsaya nan, kada ka ƙara kashe kuɗi.

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan gwada wata ɗayan in ya yarda. Wurin Yaya sai Juma'a in sha Allah, ku sa ni a addu'a, don ta fi kocin tsada. Kason riba zan zauna da malam tukuna. Akanta, kana da samfurin takardar iyakar manaja da ta sharuɗɗan aiki?

Akanta: Akwai, zan turo bayan isha'i. Da Turanci take, in juya ta Hausa?

Mai Biredi, Ƙofar Ƙaura: Juya ta. Wasu daga cikin masu gashin ma ajami kawai suke karantawa.

Almajirin Malamai: Turo mini ta Hausar in rubuta musu da ajami. Ranar sa hannu a karanta wa kowa a bayyane, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin ma'aikatan.